Ranar da Baba Ya Karɓi Makirufo

Yatsu yana durƙushe a coci bayan kibod ɗinsa na kiɗa yana laluben ramin da wayar lasifika za ta shiga, sai mai jita ya zungure shi da ƙafa.

"Ka ga tsarin sujadar yau? An sa babanka. Waƙar godiya, shi kaɗai."

"Na gani."

"Shi ɗin dai? Wanda aka sallama daga ƙungiyar mawaƙa tun ba a haife mu ba?"

"Uba nawa gare ni?" in ji Yatsu, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Ba wai muryar Baba muni gare ta ba. Gangara ce matsalarta. Zai ɗauki waƙa daidai, amma duk baitin da ya gama sai ya zame ƙasa rabin mataki, shi bai ma san ya yi ba. Malamar mawaƙa ta wancan zamani ta yi haƙuri wata uku, sannan ta roƙe shi cikin ladabi ya riƙa taimaka wa coci da jera kujeru. Shekara talatin ke nan.

A shagonsa na ɗinki yake ramawa. Yana taka keke yana rera yabo, almakashi na amsa masa. Da Yatsu ya cika shekara bakwai, Baba ya sayo masa ƙaramin kibod mai batir, ya zaunar da shi kan buhun ƙyallaye ya ce, "Bi ni." Darasin ke nan duka. Yaro ya bi, Baba na gangarawa yana gangarawa, har ya iya kaɗa kowace waƙa daga kowane madanni, fari ko baƙi. Yau in aka tambaye shi makarantar da ya yi, murmushi kawai yake.

Sau ɗaya ya taɓa cewa, "Baba, muryarka tana zamewa."

"Batirinka ne ya yi sanyi," in ji Baba. "Kuma Wanda nake rera wa bai taɓa kawo ƙara ba."

Yatsu ya ji wa'azi ba adadi tun daga lokacin, amma a shagon nan ya koyi cewa mutum yana iya zuwa gaban Ubangiji da abin da yake da shi, ba kunya.

Bana Baba ya yi wata biyu kwance a asibiti. A kan gadon ya yi alkawari in Yesu ya tashe shi, zai tsaya gaban ikilisiya ya rera da bakinsa. Fasto ya amince, don bai taɓa jin sa ba. Yatsu kuwa tsoro ya cika shi. In kiɗa ya tsaya a sama Baba ya yi ƙasa, matasan layin baya za su yi dariya, shi kuma ba zai iya ganin haka a fuskar tsohon nan ba.

Yatsu ya yafito abokan kiɗansa. "Ku manta da yadda muka saba. Ku zuba mini ido. Duk sanda na sunkuyar da kai, mu sauka rabin mataki."

"Sauka?" in ji mai jitar bes. "Kowa hawa yake a ƙarshen waƙa."

"Mu yau gangara za mu yi."

"Ni dai ba ruwana," in ji mai ganga. "Fata ba ta da mataki."

Da lokaci ya yi, Baba ya fito cikin kwat ɗin da ya ɗinka wa kansa, wadda yanzu ta yi masa yawa. Ya kama makirufo da hannu bibbiyu, ya hura shi sau uku. Baitin farko ya tafi lami lafiya. Kafin na biyu Yatsu ya ji muryar ta fara santsi, ya sunkuyar da kai, jita da bes suka bi shi kamar an ja su da igiya. Babu wanda ya ɗaga gira.

A baiti na uku ne Baba ya hango matarsa, Mama, tana share hawaye da bakin gyale. Nan take muryarsa ta faɗi mataki guda cur maimakon rabi. Yatsu ya riga ya tsaya a rabi. Na ɗan lokaci kiɗa da murya suka yi hannun riga, wata yarinya a gaba ta toshe baki. Gumi ya keto wa Yatsu. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa madannai, ya zame ƙasa ya cim ma Baba.

Baitin ƙarshe ya sauka can inda dattawan da suka daɗe da daina rerawa suke iya kaiwa. Ɗaya ya ɗauka, sai wani, sai duk mazan cocin. Tagogi suka yi ta rawa. Baba ya gama ido rufe, tafi ya ɓarke.

Bayan an tashi, Yatsu yana naɗe waya sai ga Baba ya dafa kibod.

"A baiti na uku ka so ka ɓace."

"Ni, Baba?"

"Kai mana. Na ji ka sarai. Sai na riƙe muryata wuri ɗaya har ka dawo hanya. Ka riƙa maimaitawa a gida, ka ji?"

Mai jita ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Yatsu ya buɗe baki, sai ya ga hannun da ke kan kibod ɗin, ya rame, har yanzu da tabon allura. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa shi.

"Na gode, Baba. Zan riƙa yi."

"Yawwa. Fasto ya ce in sake yi wata mai zuwa. Na zaɓi mai baiti takwas."

Yatsu ya dubi ƙarshen kibod ɗin ta hagu, inda sauti ke gangarawa, ya fara ƙirga madannan da suka rage.