Ciyawar Gonar Shigezo

Kuɗin tallafin nan ba don shinkafa ake ba mu ba, kowa ya sani. Gwamnati na biyanmu ne don kada gonakinmu na kan tudu su koma daji, ruwa ya kwaso ƙasa ya rufta wa mutanen kwari. Sharaɗin ke da ɗaci: shekara biyar kowa ya riƙe gonarsa tas. Mutum ɗaya ya saki tasa, duk ƙauyen ne zai mayar da abin da ya karɓa. A mayar da me? An ci, an gyara rufi, an sayi magani.

A shekarar ƙarshe Tomie, matar maƙwabcina Shigezo, ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. 'Yarsu ta ɗauke ta zuwa birni mai nisa. Shigezo ya ce zai bi matarsa.

Muka taru a ɗakin taro, tsofaffi zalla, ƙaraminmu ya haura saba'in. Kumazawa, shugaban ƙauye, ya zuba wa Shigezo shayi da hannunsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Yaya Shigezo, da kai ne ba lafiya da hukuma ta yafe. Amma ga ka garau. Ka daure zuwa kaka, masu dubawa su zo su tafi."

Na ce, "Kumazawa, ba ka jin kunya? Ka ɗauki injinka ka yanke masa ciyawar mana."

"Da wane baya, Fusa? Gonakin matattu uku nake yankewa. Ko ke za ki hau?"

Gwiwoyina kuwa sun daɗe da ƙarewa. Shigezo ya sunkuyar da kai ya ce ba zai ja wa mutane wahala ba. Wallahi na so ya zage mu.

Ciyawar damina ba ta da mutunci. Ka gama saman tudu, ta ƙasa ta kai gwiwa. Sau ɗaya ya samu ya leƙa Tomie, ya dawo a guje. Da yamma 'yarsu kan kanga mata waya a kunne, ina jiyo shi ta katanga yana ba ta labarin kwaɗi da shinkafar da ta fara fid da kai. Ita ba ta iya magana.

Ran da masu dubawar suka zo, ya sa wankakkiyar riga, ya zagaya da su gona gona. Suka yaba, suka tsayar da shi a bakin kunya suka ɗauke shi hoto. Sai da motarsu ta sha kwana ya juyo wurina.

"Fusa, ki duba min kaji. Tomie ta rasu tun da safe."

Ya dawo bayan jana'iza da tokarta a ƙaramin tulu, don mu nan ƙona gawa muke yi. Da bazara aka kawo sabuwar yarjejeniya ta wasu shekara biyar. Kumazawa ya kasa haɗa ido da shi, ya ce a hankali, "Yaya, wannan karon ba dole. Kana iya tafiya."

Shigezo ya ciro hatiminsa, shi ya fara bugawa.

"In tafi wurin wa?"