Ƙaho a Ƙirjin Atika

Zayyanu malamin gona ne da ya ajiye aiki, kuma tun daga ranar da ya ajiye babu wani ilmi a duniya da ya gagare shi. In ka zauna a ƙofar gidansa a Bodinga, zai gaya maka abin da ke kashe injin ban-ruwa, da kuskuren da liman ya yi a huɗuba, da inda makanikai ke cutar mutane. Abu ɗaya ne Allah bai hore masa ba: sauraron magana har ƙarshenta. Da ka kai rabi zai ɗaga maka hannu, ya riga ya gane, sauran ɓata masa lokaci ne.

Ƙanwarsa Atika a Lambara take, can ƙasar Shagari. Mijinta ya rasu, don haka duk wata shawara a kanta ta dawo hannun Zayyanu, abin da ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata. Da ƙari ya fito mata a mama, aka kai ta asibiti a Sakkwato, likitoci suka ce ciwon daji ne, suka ɗora ta a kan ruwan magani. Duk zuwa sai ta kwana a gidansa, tunda Bodinga a kan hanya take. Gashinta ya zube, ta rame, ko ƙamshin miya ta ji sai amai. Ƙarin kuwa in ta taɓa yana nan yadda yake. Zayyanu ya yanke hukunci a ransa cewa yaran nan masu farar riga wasa suke da ran ƙanwarsa.

Ranar da za a yi mata hoton sikanin ya dage sai ya shiga. Likitar, wata mai suna Salma, wadda a ganinsa ko jikarsa ta kusa girme ta, ta ja labule ta tsayar da shi inda allon na'urar kawai yake gani. Ta shafa wa Atika wani mai sanyi, ta ɗora kan na'urar tana murzawa a hankali.

"Baba, ka ga wanga baƙin wuri? Shi ne ƙarin," in ji likitar. "Ja da shuɗin ga kau jini ne da ka shiga cikinai shina hita. Da shi shika rayuwa."

Ta nuna masa hoton farko, na kafin a fara magani. Ja ya cika wurin kamar an shanya barkono a tabarma. Sannan ta dawo da na yau, ɗigo uku ko huɗu ne kawai ke ƙyaftawa a gefe.

"Amma girmanai na nan," Zayyanu ya ce, yana kallonta ta saman gilashi.

"Girma daga baya shika raguwa. An ce kai malamin gona ne. In ka datse ruwa ga fangalin albasa, ai ba ranar takan bushe ba. Jinin da ka zuwa mashi muka so ya ƙahe, kuma ya kama hanya. Maganin na aiki. Abin da nika roƙo dai, jikinta yanzu ba shi da ƙarhin tsaida jini ko yaƙar ƙwayar cuta, kar a bari komi ya…"

Hannun nan ya tashi. Zayyanu ya gane. Har ya ba su baya yana neman takalmansa lokacin da likitar ta ƙarasa maganar, Atika ce kaɗai ta ji ƙarshenta.

A mota ya yi ta murmushi shi kaɗai. Ashe duk wahalar nan, da aman da zubar gashin, jini ake so a rage a wurin? To wannan ai tun kakanni ake yi da ƙahon sa da aska. Ya ji tausayin masu boko ya kama shi, mutanen da za su yi wata da watanni suna zagaye abin da za a gama kafin azahar.

Washegari ya aika garin Sifawa aka zo da Hajjo, matar wani wanzami, wadda ke yi wa mata ƙaho. Atika na ganin zabira ta ja zane ta rufe ƙirjinta.

"Yaya, likita ta ce kar a taɓa wurin da komi."

"Ke ji kinka yi, ni ganewa niy yi," ya ce. "Mi kinka sani ga sha'anin jini? Da bakinta tac ce a rage shi. Ko ni ka son ki mutu?"

Atika ba ta taɓa yi masa musu ba tun suna yara, kuma ranar ko ƙarfin zama ba ta da shi. Ta juya fuska bango. Hajjo kuwa ba a kira ta don ta yi tambaya ba, ta yi tsaga kewaye da ƙarin, ta kafa ƙahonni ta zuƙa. Da aka fito da jinin a kasko, baƙi, guda-guda, Zayyanu ya ɗauke shi har ƙofar gida ya nuna wa abokan hirarsa.

"Ku duba mataccen jinin da sunka kasa hiddawa da injin nasu," ya ce. Suka gyaɗa kai, don sun daɗe da sanin cewa gyaɗa masa kai ya fi sauƙi.

Jinin dai bai tsaya ba sai da aka jiƙe zane biyu. Zayyanu ya ce alamar akwai saura ne. Zazzaɓi ya rufe Atika, ya ce dafi ne ke fita. Tsagar ta kumbura ta fara ruwa, ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ya ce a bari ta ɗan murmure. Gaskiyar magana, kunyar idon yarinyar nan mai farar riga yake ji, kuma a wurinsa kunyarsa ta fi ƙirjin ƙanwarsa nauyi. Sai da wari ya hana matan gidan shiga ɗakin, sannan 'yarta Hussaina ta zo daga Lambara, ta ɗauko mota, ta wuce da uwarta ko gaishe shi ba ta yi ba.

A asibiti aka kwantar da ita. Aka dakatar da ruwan maganin, domin ba a ɗora shi a kan gyambo mai ruwa. Makonni suka yi ta wucewa ana wankin ciwo. Zayyanu kan zo da lemu a leda, ya tsaya a baranda yana yi wa masu jinya bayanin yadda aka samu akasi daga wajen Hajjo, wadda a cewarsa hannunta ba shi da kyau.

Da gyambon ya kame aka sake kiran ta ɗakin hoto. Wannan karon bai nemi shiga ba, Atika ce ta ce a kira shi. Likita Salma ba ta ko ɗaga kai ta dube shi ba. Ta ɗora kan na'urar, allon ya kawo.

Ja ya cika baƙin wurin, ya fi na hoton farko, yana bugawa yana bugawa. Likitar ta gangara da na'urar zuwa hammata, can ma ga wani ƙaramin baƙin wuri da nasa jan. Ta daɗe tana aunawa. Zayyanu ya so a ce wannan karon bai gane ba, amma ya gane sarai, babu wanda ya buƙaci yi masa bayani.

Daga bayan labule muryar Atika ta fito, a hankali, babu kuka a cikinta.

"Likita, bari. Kar ki wahal da bakinki. Yaya, ni ban ganin allon daga nan. Kai da ag gwanin ganewa, gaya mani mi kag gani."

Zayyanu ya cire gilashinsa, ya goge da bakin riga, ya mayar. Jan yana nan. Atika na jira, kuma ba ta da niyyar katse shi.