Saran Jikin Giyayya

"Inna, in ruwa ya kai saran jikin giyayya, kifin da kanshi zai shigo murhun naki?"

Hajara ce ta jefo tambayar, 'yar shekara shida, tana riƙe da gefen mayafin uwarta. Da a gida ta yi ta, da Zulai'atu dariya kawai za ta yi. Amma a gaban baƙuwa ta yi ta, Madam Esther mai shagon kayan abinci, wadda ta taso tun daga Kaduna don ta ga inda ake yi mata banda kafin ta ninka odarta.

"Wane sara?" Esther ta tambaya tana sauke tabarau.

"Shirmen yara ne, Madam," in ji Zulai'atu. "Hajara, je ki wanke hannunki."

Yarinyar ta tafi tana waiwaye. Esther ta buɗe ƙofar ƙarfen murhun, ta zaro tire ɗaya, ta shinshina tarwaɗar da ke kai, ta gyaɗa kai. Kwali takwas take so duk mako biyu, daga watan tara har Kirsimeti, ba fashi. "Shagona ba ya jira, 'yar'uwa," ta ce. "In kanta ta zauna babu kifi, mai saye ya koma wani wuri, ni ma sai in koma." Zulai'atu ta amsa da to, bakinta na murmushi, hankalinta kuwa na kan tambayar Hajara.

Shekararta uku a bakin tafki. 'Yar manoman Birnin Yauri ce, ta san ƙasa, ta san gero, ruwa kuwa a rijiya ta san shi. Aikin koyarwa ya kawo mijinta Mustapha gefen Yelwa, ita kuma ta ƙi naɗe hannu. Ta koyi banda da rabin ganga da raga kamar sauran mata, kifinta ya yi suna saboda tsabta. Abu ɗaya ya hana ta sakewa: hayaƙin ganga ba shi da alƙibla, duk inda Hajara ta zauna sai ya bi ta, har tari ya kama yarinyar ya ƙi saki.

A wata bita ta kwana uku da aka yi wa mata masu sana'a, malamin ya ce kowace ta rubuta inda take son kaiwa nan da shekara biyar, wa zai saya, da wa take gasa, me zai iya kawo cikas. Zulai'atu ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta rubuta murhu rufaffe na bulo da siminti, mai tire shida da bututun da zai kai hayaƙi sama. Ta rubuta a gina shi kusa da inda jiragen masunta ke tsayawa, don kifi ya shiga wuta kafin rana ta taɓa shi. A layin cikas ta jera tsadar itace, ɓeraye, ɓarayin kifi, ruwan sama. Tafkin da ke shimfiɗe a gabanta bai samu shiga takardar ba.

Ba wai da ka ta yi ginin ba. A watan shida, ruwa ya ja baya can nesa, ta nemi layin busasshiyar kainuwa da cikar bara ta bari, ta ƙara taku ashirin sama, ta ce wa magini nan. Ranar da ake ɗora bulo, Inna Altine, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar, ta tsaya da kwandonta a ka.

"Wanga gini na da kyau, ɗiyata. Kin dai tambayi ruwa?"

"Na auna, Inna."

"Kin auna," tsohuwar ta maimaita, ta wuce. Zulai'atu ta ɗauka hassada ce irin ta masu ganga.

Motar Esther na tashi, Zulai'atu ta kama hannun Hajara ta ce ta nuna mata. Giyayyar tana ƙasa da murhun kaɗan, tsohon itace da ruwa ba ya kashewa, inda yara ke wasa a inuwa. Sau ɗari ta wuce ta ba ta duba ba. A jikinta akwai sare-saren gatari, wani bisa wani, wasu sun yi baƙi sun kusa haɗewa. Na ƙasa bai kai gwiwa ba. Na sama ya kai ƙirjinta.

Altine na nan kusa tana feɗe karfasa. Ba ta jira a tambaye ta ba.

"Duk shekara in ruwa ya gama cika, masunta su zo cikin jirgi su sara inda yat tsaya. Wanga na ƙasa shi ne na bara. Shekarun da kika yi nan duk ruwa rowa ya yi. Wancan na bisa, shekarar da aka haifi jikana Umaru ne."

"Me ya sa ba ki faɗa mini kai tsaye ba, Inna?"

"Mai takarda a hannu ake gaya ma magana kai tsaye? Ke da kika zo da biro?"

Washegari Zulai'atu ta kira Ɗanladi magini da doguwar tiyonsa mai haske, wadda yake cika da ruwa ya daidaita gini. Ya kafa baki ɗaya a saran sama, ya ja ɗayan zuwa murhu, ya durƙusa ya duba. Ruwan cikin tiyo ya tsaya daidai tire na biyu.

"Hajiya, ni inda kika nuna na gina," ya ce yana sosa ƙeya. "Ni ɗan gari ne. Kifi a miya na san shi."

Daga ranar ta rasa sukuni. Kowace safiya sai ta kafa kara a bakin ruwa, washegari ta tarar da shi tsaye a ciki. Da fari taku ɗaya ruwan ke ci, daga baya biyu, ranar da aka kwana ana ruwan sama ya ci biyar. Launinsa ya koma fari fat da laka, masunta na ta murna da sabon ruwa, suna janye jiragensu sama. Matan ganga kuwa ko a jikinsu. Ruwa ya matso, su mirgina gangunansu su ƙara gaba, suna yi mata tsiya.

"Zulai, ki sa ma naki ƙafafu mana."

"Ku bar ta, otal ta gina ma tarwaɗa."

Tana dariya tare da su, ta koma gida ta kasa cin tuwo. In ta rushe yanzu, sai ta yi mako uku kafin sabon gini ya bushe, odar farko ta wuce ta, wataƙila Esther ma ta wuce. In ta jira, mai yiwuwa bana ma ruwa ya tsaya a saran ƙasa, ta zama wadda ta rushe murhu mai kyau don tsoro. In kuma ya hau, hanyar amalanke ce za ta fara nutsewa, ƙofa da tire da bututu duk su kwana cikin laka.

"Ki ƙara mako guda," in ji Mustapha. "Shekara uku bai kai ba, sai bana?"

"Shekara uku muka gani, Malam. Itacen ya ga talatin."

Duk da haka ta ƙara makon. Ranar Talata da hantsi tana juya kifi, ta waiga ba ta ga Hajara ba. Ta saki tire ta zagaya bayan murhu. Yarinyar na tsaye a gindin giyayya, inda jiya busasshiyar ƙasa ce, ruwa ya kai mata ƙwauri, tana ƙoƙarin kafa kara kamar yadda ta ga uwarta na yi. Takalminta ɗaya na yawo can gaba cikin kainuwa.

Zulai'atu ba ta yi ihu ba, don kada yarinyar ta firgita ta ja baya. Ta shiga a hankali, ta sunkuce ta, ta fito da ita tudu, ta rungume ta har Hajara ta ce, "Inna, kin matse ni." Don ƙirjin wannan yarinyar ta yi ginin, ga shi ginin ya kawo ta bakin ruwa mai hauhawa.

Tana goye da ita ta kira Esther, ta faɗa mata komai, har da zancen saran da ta kira shirme.

"Da ranar kika faɗa, da na shirya," in ji Esther. "Yanzu dole in ba wata mata a Ngaski rabi. Kwali huɗu naki in kin tashi. Ki gode wa 'yarki."

Kwana biyu Ɗanladi ya yi yana ɓamɓara. Ƙofa ta fita, tire shida da bututu suka fita, bulo kuwa rabi ya farfashe. Altine da kanta ta hau tudu da sandarta, ta wuce saran sama da nisa, ta soka sandar a ƙasa ta ce nan. Wurin ya yi nisa da jirage, kullum sai an turo kifi a baro. Zulai'atu ta karɓi ganga aro ta koma banda a fili kafin gini ya bushe, Hajara kuma ta bar ta gida wajen maƙwabciyarta Susan, nesa da hayaƙi.

Cikin watan goma ruwa ya shafe daɓen tsohon murhun, aka ga kainuwa na yawo a kai. Ta ɗauko takardar bitar, ta rubuta tafki a saman layin cikas, ta ja masa layi biyu.

Ke mai karatu, in kin zauna tsara gaba, kada ki auna da abin da idonki ya gani bara kaɗai. Kafin ki ɗora bulo ɗaya, nemi tsohuwar wurin ki durƙusa ki tambaya, nemi itacen da aka sara ki dubi saran sama. Ruwan da ya taɓa zuwa wuri zai dawo, kuma ba zai dubi takardarki ba, ba zai dubi ɗan da ke wasa a gindin itace ba.