Hannun Baba Karkaɗau

Duk yaron da ke kallon katun ɗin safiyar Asabar ya san Baba Karkaɗau, mai gidan abincin nan da rowa ta yi wa katutu. Zai cika ludayi da miya da nama, sai ya yi ta karkaɗa hannu har tsoka ta ƙarshe ta koma tukunya, ya miƙa wa mai saye ruwa zalla. Yara su yi ta birgima don dariya.

Auta ce ta zana shi, kuma ba daga sama ta samo hannun nan ba. Ranar da darakta ya ce marowacin nasu ba ya ba da dariya, sai ta tafi shagon abincin mahaifinta, ta raɓe bayan firij tana ɗaukarsa a waya yana zuba wa mutane. Ta ga ludayi na rawa, nama na sulluɓewa. "Kai, Baba an iya dabara," ta ce a ranta. Kwana uku ta yi tana kwafe rawar nan zane bayan zane, ko tabon ƙunar da ke babban yatsansa ba ta bari ba. Aiki ya yi kyau, har da ƙarin girma ta samu.

Bayan wata takwas ta kai 'yarta gaida iyayen, ta tarar da shagon a garƙame da rana tsaka. Inna na kicin tana goge farantan da ba wanda ya ci abinci a ciki.

"Yaran makaranta ne," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Kullum sai sun yi cirko-cirko a ƙofa suna karkaɗa hannu. Manya ma suka koma leƙen ludayi."

"Inna, wasa ne fa."

"Wasa? Shekara biyu ke nan da likita ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa. Shi ya hana a gaya miki, wai kada hankalinki ya bar kan aiki. Duk wanda namansa ya faɗi, sai ya sake ɗebowa ya ƙara masa. Wannan ba ki ɗauka ba?"

Ta ɗauka. Yanke wurin ta yi, don babu abin dariya a ciki.

Kunya ta lulluɓe ta, ta fita baranda ta kira darakta, ta roƙe shi a cire karkaɗar. Ya kwashe da dariya. An riga an gama zana shirin har kashi na arba'in, in ji shi, ga 'yan tsana can a kantuna masu hannu mai rawa.

Baba na zaune a falo, ya danne hannunsa na dama ƙarƙashin cinya. Ya yi mata sannu da zuwa, ya tambayi aiki, kamar kullum. Da ma zaginta ya yi, da ta sami bakin ba shi haƙuri. Tana ta neman inda za ta fara, sai 'yar ta haye jikinsa, ta zaro hannun, ta ga tabon.

"La! Kaka, irin na Karkaɗau! Yi min, yi min!"

Ya dubi Auta sau ɗaya. Sannan ya ɗaga hannun sama, ya sake shi yana rawa, har da murtuke fuska irin ta katun. Yarinya ta yi dariya har da hawaye, ta gaji, ta share ido.

"To, ya isa, Kaka."

Hannun bai tsaya ba.

Ta kama shi da hannayenta biyu, ta waiwayo wajen uwarta. "Mama, ki ce masa ya daina mana."