Ba Wanda Ya Taya Teburin Goggo Riek

"Marloes, zo ki duba min abin nan, ina jin ya lalace."

Ina durƙushe ina cire ciyawa a gindin shinge Goggo Riek ta leƙo, riƙe da 'yar kwamfutar hannun da ɗanta ya aiko mata daga Kanada. Ba dangin jini muke ba, maƙwabta ne, amma duk layinmu Goggo muke ce mata, har mijina Harm da furfura ta gama cin kansa. Na goge hannu a wando na karɓa. Shafin gwanjon ƙauyenmu ne a buɗe, daidai kan nata kayan: cin abincin Lahadi a gidan Riek, na mutum shida. A ƙarƙashin hoton tukunyarta an rubuta babu tayi tukuna.

Na ce mata ba abin da ya samu kwamfutar. Ta ce to ai tun Litinin take kallonsa bai motsa ba, alhali keken da Gerrit mai gyaran kekuna ya bayar kullum kuɗinsa hawa yake. Na yi mata bayani cewa keke baƙi ne daga birni suke ta tayawa, su ba su san ta ba. Mutanenmu kuwa jira suke sai ranar Lahadi da yamma, dab da rufewa, domin kuwa haka ake yi a gwanjon intanet. Wanda ya taya da wuri ya tayar wa kansa farashi ne kawai.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ni dai a sanina, mai son abu buɗe baki yake ya faɗa."

Da gaskiyarta, don haka muka saba. Duk kaka a zauren ƙauye muke yin gwanjon nan, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuɗin ya tafi asusun ƙungiyar zauren. Teburin Riek ake ajiyewa ƙarshe, saboda shi ne abin kallo. Gerrit da Annelies mai shagon burodi su yi ta ɗaga hannu suna zagin juna, shi ya ce mata mai hannun jarirai, ta ce masa acici, ita kuma Goggo tana zaune a layin gaba da jaka a cinya tana yi musu faɗan ɓarnar kuɗi a kan kirɓaɓɓen dankali da naman sa, fuskarta kuwa kamar an kunna fitila. Tun rasuwar mijinta ba ta da wata rana a shekara da ta kai wannan.

Bana rufin zauren ya fara yoyo har hukuma ta hana taro a ciki, kuma kuɗin gyaransa muke nema. Ni na kawo shawarar a mayar da gwanjon intanet, ni na ɗauki hotuna, ni na tsara shafin, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma sosai a makon nan. Duk wanda na haɗu da shi sai na koya masa dabarar jira. Harm har ya sa wa wayoyinmu ƙararrawar tuni, wai mu yi wa Gerrit shigar sauri mu kwashe teburin da arha. Kuɗin da za mu gyara rufin zaurenmu da shi ne, amma muka yi ta ƙwauro kamar masu cinikin tsohuwar mota. Halinmu ke nan a wannan yanki, ko sadaka za mu bayar sai mun nemi ragi.

Ranar Laraba ta kira ni shan kofi. Kicin ɗinta tsaf kamar kullum, tukwanen tagulla na sheƙi a bango, agogo na ta aikinsa. Ta yanka min burodin zabibi ta shafa man shanu da kauri, ta zauna ba ta taɓa nata ba. Kwamfutar tana jingine da gwangwanin sukari, shafin a buɗe.

"Ki faɗa min gaskiya, 'yar nan. Bara naman ya yi gishiri ne?"

Na yi dariya na ce wane gishiri, ai Annelies har yau labarinsa take.

"Hannuna yana rawa yanzu, na sani. Mutum ba ya jin warin gidansa. In an gaji da girkina ne, ba laifi ba ne, amma ki cire shi daga shafin can. Jikokina a Kanada suna gani."

Na ƙi. Na ce ta yi haƙuri zuwa Lahadi, za ta ga yadda za a yi rububinsa. Ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane ana lallashinsa, ta tura min farantin burodin. Wayata tana aljihuna a lokacin. Da na fito da ita na danna sau ɗaya, da wannan rubutu na babu tayi ya gushe a gaban idonta. Tunanin ya zo min, sai na tuna Harm zai ce na ɓata mana shiri, na bar ta a aljihu na ci burodina. Duk lokacin da na tuna zaman nan kunya takan rufe ni har in rasa inda zan sa kaina.

Ranar Alhamis na hango ta tana share ganye a ƙofar gida. Ta ɗaga min hannu, ba ta yi min maganar gwanjo ba, ni kuma na ji daɗi a raina cewa ta kwantar da hankalinta.

Juma'a da safe labulenta bai buɗe ba. Riek kuwa kafin motar madara ta wuce ta zuge labule, kowa ya san wannan. Da yake mu ne maƙwabta na kusa, makullinta yana hannunmu. Harm ya shiga gaba, ina bin sa ina kiran sunanta. A gado muka same ta, bargo har ƙirji, tabarau a kan durowa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ba ta sha wahala ba. Na so in tambaye shi yadda ya sani.

A nan in mutum ya mutu maƙwabta ne masu ɗawainiya, dangi zama kawai suke yi. Ɗanta ba zai iso ba sai Litinin, don haka muka taru a kicin ɗinta ranar Lahadi da yamma mu raba aiki: masu ɗaukar akwatin gawa, mai kaɗa ƙararrawar coci, masu dafa kofi bayan an dawo daga maƙabarta. Gidaje takwas ne a layin, kowane gida ya turo mutum. Gerrit da Annelies har sun fara musu a kan yawan burodin da za a yi oda, a hankali dai, don ba su iya zama wuri ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Ni kuwa tun Juma'a ban buɗe shafin gwanjo ba. Na manta da shi gaba ɗaya, na manta kayan Riek suna nan a kai.

Harm yana cikin magana wayarsa ta ɗauki ƙara. Kafin ya laluba aljihu tawa ta kama. Sai ta Gerrit, sai ta Annelies a cikin jaka, sai ta matar malamin makaranta, har kicin ɗin ya cika da ƙara iri-iri. Kowa ya ciro tasa, kowa ya ga abu ɗaya: saura minti biyar a rufe teburin Riek. Ashe duk dabara ɗaya muka yi, kowa yana laɓe yana jiran ya riga ɗan'uwansa.

Aka kashe ƙarar wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba mai kallon kowa.

Gerrit ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "Ni fa na yi niyyar ko nawa ya kai sai na saye."

"Ka faɗa mata?" in ji Annelies.

"Ke kin faɗa?"

Annelies ta mayar da wayarta cikin jaka. Harm ya yi gyaran murya ya ce ai har yanzu ana iya tayawa, kuɗin dai na rufi ne, kuma da ita ma za ta so haka. Na ce masa ya yi min shiru. Ban taɓa yi masa magana haka a gaban mutane ba. Na buɗe shafin na ajiye wayar a tsakiyar tebur, muka zuba mata ido lokacin yana ƙarewa. Gerrit ya miƙa yatsa, ya tsaya, ya janye ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa. Da lokaci ya cika rubutun ya sauya ya koma: an rufe, babu tayi.

Annelies ta miƙe, wai bari ta nemo faranti a sa burodin da ta kawo, don dai ta samu abin yi. Ta buɗe kabad ta tarar da kantar sama fayau. A ƙarƙashin tebur ta gano wani kwali, an ture shi can jikin bango, irin wanda ake cikawa a kai shagon da ke karɓar tsofaffin kaya. Farantan tarbar baƙi ne na Riek a ciki, masu bakin zinariya, waɗanda ba ta fito da su sai ranar cin abincin gwanjo, kowanne an naɗe shi da kyau a takardar jarida. Annelies ta warware na sama, ta duba kwanan watan da ke jikin takardar, ta miƙo min. Jaridar ranar Alhamis ce, washegarin ranar da ta roƙe ni in cire teburinta.

Ba wanda ya ce ta yi ko ta bari. Annelies ta ci gaba da warwarewa, tana goge kowanne da gefen rigarta tana jerawa, har guda shida suka zagaye teburin. Burodin yana nan cikin ledarsa ba wanda ya taɓa, kofi ya huce a kofuna, muna zaune hasken yamma yana janyewa daga kan farantan.