Bijimin da Mala Ya Saya

Idan kana son taronka ya yi armashi a Haɗejiya, ka nemo Gwadabe ka miƙa masa makirufo. Dillalin riɗi ne, amma ba don riɗi aka san shi ba. Allah ya yi masa baiwar baki. Yana iya sa marowaci ya zura hannu a aljihu yana dariya, sai ya koma gida ya kwanta sannan ya fara tambayar kansa me ya same shi. Saboda haka da tsofaffin ɗaliban firamaren unguwarsu suka kafa gidauniyar ilimi, suka shirya walima don tayar da ajujuwan da ambaliyar damina ta kwantar, ba a yi gardamar wanda zai yi gwanjo ba.

A wannan firamare Gwadabe ya zauna benci ɗaya da Mala Fannami, kuma tun daga lokacin ba su rabu ba. Gwadabe Bafulatanin gari ne, irin waɗanda kakanninsu suka ajiye sanda suka kama kasuwa. Mala kuwa Babarbare ne. Kowa ya san Fulani da Barebari abokan wasa ne, to amma waɗannan biyun sun mai da wasan abinci. Gwadabe ba ya kiransa da suna, sai dai "bawan kakana". Shi kuma Mala ya ce ai shi bai taɓa ganin Bafulatanin da maraƙi ke kora ba sai Gwadabe. In suka haɗu a bakin kasuwar kifi, mutane kan bar ciniki su tsaya sauraro. Ranar da mahaifin Gwadabe ya rasu ma, Mala ne ya zauna kusa da shi a wurin makoki yana yi masa raɗa, wai tsohon ya tafi bai biya Barebari kuɗin gishirin shanunsa ba, har sai da ya ga Gwadabe ya yi murmushi cikin hawaye. Duk duniya babu wanda Gwadabe ke sakewa da shi kamar Mala.

Ambaliyar da ta rushe makarantar ba ta bar Mala ba. Jinga ta ɓalle ta wajen Guri, ruwa ya hau kan shinkafarsa tana dab da nuna, bai tsira da ko dami ɗaya ba. Abin da ya rage masa fadamar gado ce guda da injin ban-ruwa, kuma a kansu ya ɗora dukkan fatansa, yana cewa in ya samu alkamar rani ta yi kyau zai miƙe. Bai gaya wa kowa zurfin ramin da ya faɗa ba sai Gwadabe. A waje kuwa babbar rigarsa na nan da guga, hularsa a karye daidai, wanda bai sani ba sai ya ce Mala na nan yadda yake.

Mala bai so zuwa walimar ba. Gwadabe ne ya matsa masa.

"Ka zo ka ci kaza kyauta mana. Yaushe rabon Babarbare da kaza?"

"In zo in zauna cikin masu kuɗi da aljihu wayam?"

"Wa ya ce ka saya? Ka zauna kawai, ka cika kujera."

Ranar taron, Gwadabe na ɗaura agogo, matarsa Kulu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah yau ka ƙyale Mala. Na san bakinka in ya ga jama'a." Ya ce mata haba, shi yaro ne? Ya fita yana dariya.

An fara bayan la'asar a babban ɗakin taro na wani otal. An lulluɓe tebura da farin yadi, an jera lemo da faranti, 'yan gari mazauna Abuja da Kano sun zo da manyan motoci da manyan riguna. Gwadabe ya sa aka zaunar da Mala a teburin gaba, kusa da babban baƙo, Alhaji Abdulmannan, ɗan kwangilar da shi ma a makarantar ya yi karatu. A nasa tunanin girmama abokinsa ya yi.

Gwanjo ya kankama. An fito da bandar wani ƙaton giwan ruwa da masunta suka bayar, Gwadabe ya rantse tun yana firamare kifin nan yake iyo, aka saye shi da kuɗin da zai sayi akuya biyar. An sayar da hula, an sayar da zanen makarantar da wata ɗaliba ta yi, da ruwa har taga. Kowa ya san ba kayan ake saya ba, suna ake saya da lada. Ɗaki ya ɗauki dariya, shi kuwa Gwadabe yana jin kansa kamar kifi a ruwa.

Daga ƙarshe aka zo kan babban kaya, wani jan bijimi da Fulanin wajen Baturiya suka ba gidauniya. Ba a shigo da shi ba, an dai buɗe ƙofar gefe kowa ya hango shi a ɗaure a gindin darbejiya. Alhaji Abdulmannan ya taya miliyan ɗaya. Aka yi tafi, amma babu wanda ya ƙara. Babu mai son ja da Alhaji.

Gwadabe ya san aljihun Alhaji ya fi haka nesa ba kusa ba, abin da ake bukata kawai wanda zai ɗan zungure shi. Ya waiga dama da hagu, idonsa ya faɗa kan Mala. Maganar Kulu ta faɗo masa a rai, ba wai ya manta ba ne. Amma wasan ya riga ya zo masa baki, kuma ya san zai yi daɗi.

"Jama'a, ku dubi teburin gaba. Ga bawan kakana can ya sunkuyar da kai. Tun da aka halicci Barebari, kun taɓa jin wanda ya mallaki saniya? Sai dai su bi mu da ƙwarya suna roƙon nono."

Ɗakin ya kece da dariya. Mala ya ɗago yana murmushi, ya girgiza masa kai a hankali. Duk wanda ya san Mala ya san ma'anar wannan girgiza kai, balle Gwadabe. Sai dai wasan da ake yi a bakin kasuwa, inda mutum zai rama a tashi, daban yake da wasan da ɗaya ke riƙe da makirufo ɗaya kuma ba shi da shi.

"Ku ƙyale shi," in ji Gwadabe. "Kaza ya zo ci. Barebarin da ke ɗakin nan, yau dai an gama da ku."

Akwai Barebari a ɗakin, ba kaɗan ba. Suka fara kiran sunan Mala daga baya, wani ya miƙe yana cewa a fitar da su kunya. Mala ya dubi farantin da ke gabansa, ya dubi Gwadabe, sannan ya ɗaga hannu ya ce miliyan ɗaya da rabi.

Alhaji Abdulmannan ya yi dariya ya ce biyu. To, a nan ya kamata Gwadabe ya buga guduma, ya samu abin da yake nema. Amma tafin ya yi masa daɗi, ya ga kamar akwai sauran miliyan a aljihun Alhaji. Ya sake juyawa kan Mala ya ce ashe ƙarfin Babarbare taku ɗaya ne, kamar na ɗan tsako. Aka sake kiran sunan Mala. Mala bai yi murmushi ba wannan karon. Ya ce uku.

Gwadabe ya juya wajen Alhaji yana jiran huɗu. Alhaji Abdulmannan ya miƙe, ya gyara riga, ya kama hannun Mala ya ɗaga sama.

"Ni ba zan shiga tsakanin Fulani da Barebari ba. Na bar wa Mala, ya cancanta. Tawa gudunmawar zan bayar daban."

Mutumin kirki ne, karamci ya yi niyya. Ɗaki ya miƙe tsaye ana tafi. Gwadabe ya ce, "Alhaji, a ƙara dubawa dai," aka ɗauka wani wasan ne, aka ƙara dariya. Yana iya cewa shi da Mala suka haɗa hannu suka saya, yana iya ƙirƙiro wata dabara, shi da bakinsa bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ranar ya rasa. Ya buga guduma, aka ɗauki hoton Mala riƙe da igiyar bijimi.

Da aka tashi sallar magariba ya nemi Mala, aka ce ya tafi. Kulu ta riga ta ji labari kafin ya isa gida. Ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki, shi kuma bai iya ci ba.

Da ya je gidan Mala washegari da sassafe, wataƙila da an gyara. Kunya ta hana shi. Ya ce wa kansa ba zai je hannu biyu ba, bari ya sayar da riɗin da ke ajiye, ya biya gidauniya a ɓoye, sannan ya je ya mai da abin wasa. Riɗi kuwa bai tashi samun mai saye da wuri ba. Ranar da kuɗi suka shigo ya garzaya wajen ma'ajin gidauniya, Malam Nu'uman.

"Ai Mala ya biya tuntuni," in ji Malam Nu'uman. "Shi ya fara biya ma, kafin 'yan Abuja. Bijimin kuma ya ce a bar wa gidauniya a sake sayarwa. Kai, abokin nan naka ɗan halak ne."

Gwadabe bai tambayi inda Mala ya samo kuɗi ba, don ya sani. Ya hau mota ya nufi hanyar Guri. A fadamar Mala ya tarar da wasu mutane da bai sani ba suna jan kunya, injin na ta tuttuɗo ruwa. Suka ce maigidansu ya saya, da fadamar da injin gaba ɗaya. Ya nemi maigidan ya roƙe shi ya karɓi kuɗinsa da riba, mutumin ya ce ya daɗe yana neman ƙasa a bakin ruwan nan, ba zai saki ba. Gwadabe ya tsaya a bakin fadamar yana jin baƙin cikin da bai taɓa ji ba tun rasuwar mahaifinsa, ga shi wannan karon shi ya jawo.

Daga nan gidan Mala ya wuce. Ya shirya maganganu iri-iri a hanya, da ya yi sallama duk suka gudu. Mala ya fito, ya gan shi, ya koma ciki ya ɗauko sabuwar darduma ya shimfiɗa a zaure. Gwadabe da ke shiga har tsakar gida ya buɗe tukunya, yau shi ake shimfiɗa wa darduma a zaure. Aka kawo ruwa a kofin baƙi.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Mala, na yi maka laifi. Na sani, kuma na yi. Ka yafe mini." Ya ciro kuɗin ya ajiye a gabansa. "Ka karɓi wannan, ka kama wata gonar ko haya ce."

Mala ya tura masa kuɗin a hankali.

"Babu komai, Alhaji. Ni na ɗaga hannuna, ba kai ka ɗaga mini ba. Sadaka na yi wa makarantarmu, kada ka ɓata mini ladan. Na yafe maka duniya da lahira."

Da zaginsa ya yi, da Gwadabe ya ji sanyi. Can Gwadabe ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na ƙarfin hali, ya gwada ƙofar da bai taɓa samu a rufe ba. Ya ƙaƙalo murmushi.

"Wato dai Babarbare ko an ba shi saniya ba ya iya riƙe ta. Kwana nawa ta yi a hannunka?"

Ya jira. Akwai amsoshi goma da Mala zai iya jefo masa, kuma Gwadabe ya san kowacce, yana addu'a a ransa a jefo masa mafi zafinsu.

Mala ya dube shi ba fushi ba gaba, ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Sannan ya miƙe ya juya masa takalmansa, ya raka shi har bakin mota, ya ce a gaida mutanen gida.