Ranar da Hayaƙin Ari Bai Tashi Ba

Tun da aka kafa injin ban ruwa a bakin kogi, Haladu ya tuge jigonsa na ɗebo ruwa ya ba matarsa Barira itacen ta yi girki. Ta ce ba a fasa randa don an ga hadari. Ya ce ita mata ce, ina ruwanta da sha'anin inji.

Gonar alkamarsa na can ƙarshen fadama, wajen Auyo, inda ƙarar inji ba ta kaiwa. Hayaƙi ne alamarsu. In baƙin hayaƙin dizal ya turnuƙe saman giginyu, kowa ya san Ari mai kula da inji ya tayar, sai mai rabon ranar ya fasa bakin lambatunsa ruwa ya shiga. Wanda bai fasa ba, ruwa ya wuce shi sai wani zagayen. Alkamar Haladu kuwa ta fara fitar da kai, ƙasa ta tsage, ba ta da ƙarfin jiran wani zagaye.

Ranar rabonsa ya zuba wa giginyu ido har hantsi ya dubi ludayi. Sama fes. Dama ana ta raɗe-raɗin yaƙin da Turawa ke yi a ƙasar Bama ya cinye man dizal, shi ke nan tsoro ya kama shi. Ya tuna jigon da aka dafa tuwo da shi, ya ji kunyar haɗa ido da Barira. Ya yar da fartanya ya kama hanyar kogi.

Bai kai ba ya fara jin ƙanshi kamar ana tuyar ƙuli-ƙuli. Sai ga ƙarar inji, tukutuk tukutuk, lafiya lau. Ari na zaune dab da bututun, shi da a da ba ka ganinsa sai da rawani a hanci, yana tari kamar tsohon bunsuru.

"Ari, ina hayaƙi?"

Ari ya yi dariya ya nuna bututun. Wani ɗan tururi ne fari-fari ke fita, ko kan giginya bai kai ba. Ya ce dizal ya yanke, Baturen gona ya aiko da man gyaɗa da aka tace, inji ya karɓa. Ƙarfinsa ya ɗan ragu, kuma sai an riƙa wanke masa baki, amma ƙirjinsa shi kam ya huta. Sannan ya dubi Haladu da kyau.

"Kai, ba yau ne rabonka ba? Ai tun sassafe nake turo ruwa."

Haladu, dattijo da gemu, ya zura da gudu, hula a hannu, yana bin lambatu yana kallon ruwansa na tafiya, yana zaton gonar wasu ya nufa.

Ya iso yana haki, ya tarar da fangalin alkamarsa cike da ruwa, ƙasa na sha tana ƙara. Barira na tsaye cikin taɓo da fartanyar da ya yar. Abinci ta kawo masa, ta ga ruwa na wucewa a gabanta, ta fasa bakin lambatun. Ita ba ta ɗaga kai neman hayaƙi ba.

Haladu ya zauna daɓas a kan kunya. Da numfashi ya dawo ya ce, "Gobe zan sari itacen jigo."

"Biyu za ka saro," in ji ta. "Wancan ya yi wuta mai kyau."